Ɗakin Baba Na'Allah a Arkilla

Runjin Sambo, Sakkwato
2 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Timoti,

"Muddin ina da rufi a kaina a garin Sakkwato, Baba Na'Allah ba zai nemi wurin kwana ba. Ranar da na gina gida, ɗakinsa za a fara rufewa kafin nawa."

Ka gane maganar? Taka ce. A bakin kabarin Mama ka yi ta, hannunka a kafaɗar tsohon, dattawan ikilisiya na tsaye, matan Zumuntar coci na share hawaye da bakin zane. Na fara da ita ne don kada gaisuwa ta sanyaya mini zuciya in manta abin da ya sa na ɗauki biro.

To, yanzu gaisuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya Abuja? Yaya matarka Joy, ciwon bayan nan ya sake ta? Ka shafa mini kan Victor da Peace, ka ce gwaggonsu na kewarsu. Mu nan lafiya muke, sai zafi da ya fara tun kafin lokacinsa. Ruwan randa ma da ɗumi muke shan shi.

Za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na gaji da waya ne. Na kira ka, ka ce kana taro. Na tura maka saƙo mai tsawo, ka turo mini hoton hannaye biyu suna addu'a. Ban san ranar da hoton hannu ya zama amsa tsakanin 'yan ɗaki ɗaya ba. Shi ya sa na ba Lawali direba wannan, na ce kada ya ba maigadi, ya danƙa maka a hannu.

Ga abin da ake ciki. Baba Na'Allah zai ajiye aikin bishara. Gwiwoyinsa sun ƙi, idonsa ya yi rauni har sai an karanta masa nassin da zai yi wa'azi a kai, ko da yake rabin lokaci shi ne ke gyara wa mai karatun. Ikilisiya ta ɗauki sabon fasto matashi mai mata da 'ya'ya, kuma ƙaramin gidan nan na bayan coci, inda Baba ya zauna tun muna yara, shi za a ba shi bayan Ista. Ban ga laifin kowa a nan ba. Gidan aiki ne, an san da haka.

An kafa kwamitin bikin sallama, Zumuntar Mata suka tura ni. Timoti, da ka ga shiri. An buga anko da fuskar Baba a jiki, har an yi masa kumatun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. An yi maganar rumfuna, da kujeru, da wanda zai dafa shinkafa. An sa sunanka a matsayin shugaban taro, da manyan baƙaƙe. Sai sakataren ya karanto abu na ƙarshe, wai an yi magana da mai babbar mota da za ta kwashi kayan Baba ta kai shi gida, 'yan rakiya su bi a bas. Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce a rufe da addu'a.

Na ɗaga hannu na tambaya, wane gida?

Shugaban kwamitin, mutumin kirki ne daga Mangu, ya dube ni kamar na tambayi inda rana ke fitowa. Ya ce ƙauyensu mana, kamar yadda aka yi wa fastocin baya. Kuma gaskiyarsa ta wani fanni. Haka muke yi. Mu duka baƙi ne a garin nan. Mu yi koyarwa, mu yi aikin asibiti, mu yi kafinta, amma bulo ɗinmu can gida muke tarawa, gawarmu ma sau da yawa can ake kai ta. A cikin kanmu duk Kiristan da ke Sakkwato yana da wani ƙauye mai duwatsu can kudu da ke jiransa. Mutum goma sha wani abu a ɗakin nan, sun yi shekaru suna jin Baba na wa'azi da Sakkwatancin da babu mai iya kwaikwayonsa a cikinmu, amma ba wanda ya tsaya ya tuna cewa shi ba baƙo ba ne. Gidansu na Ƙofar Marke. Kabu-kabu zai kai ka kafin ka gama gyara zama. Ƙofar gidan ce aka rufe masa tun ba a haife mu ba.

Sai wani dattijo ya tuna, ya ce ai babu damuwa, Injiniya Timoti ya yi alkawari a gaban kowa. Na ce haka ne. Na faɗa da ƙarfi, don ina alfahari da kai.

Washegari na hau keke napep na tafi Arkilla. Gidanka ya yi kyau, 'yan hayarka sun shuka fulawa. Na zagaya baya inda ɗakunan nan biyu suke, na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta taga: kwalayen tayil da suka rage daga gini, tsohon firij, tayoyin mota, da ƙadangaru suna sha'aninsu. Na tsaya ina kallonsu, na ce lallai waɗannan sun fi mai bishara sa'a.

Da ina da wuri da ban rubuto maka ba. Ka san ciki da falon da nake haya, a bene, ni da 'yan matana biyu, bayi ɗaya da mutanen gida duka. Tsohon da ba ya iya hawa dandamalin coci sai an riƙe shi, ina zai hau matakalarmu?

Makulli nake so, ƙanena. Shara da wanki da labule duk namu ne, matan Zumunta sun ce a bar musu. Ka ba Lawali ya kawo mini idan zai juyo.

Allah ya kiyaye ka da iyalinka.

Yayarka,
Asabe

Runjin Sambo, Sakkwato
15 ga Maris

Timoti ƙanena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Joy da yara. Na ji Peace ta ci jarrabawarta, na yi murna ƙwarai. Ka ce mata kan gwaggonta ta ɗauko.

Lawali ya dawo ba makulli, sai saƙonka da ya shigo wayata. Na karanta shi kamar yadda nake karanta rubutun ɗalibaina, da jan biro a zuciya. Ka san adabi na koyar duk rayuwata. Na san yadda mutum ke jera kalmomi masu laushi idan yana son ya ce a'a ba tare da kalmar ta fito ba. Ka yi ƙoƙari. Da ɗalibina ne da na ba ka maki mai kyau.

Shawararka ita ce a kai Baba gidan kakanninmu a Zonkwa, wai akwai sanyi, akwai 'yan'uwa, zai huta. Mutumin da bai taɓa kwana a ƙasar ba, ba ya jin yarenmu, bai san kowa ba sai kabarin kakarmu da zai ji labari. Mutumin da idan bai sha furar Sakkwato da rana ba sai ya ce bai ci abinci ba. Wato motar da na soke a kwamiti, kai ka dawo da ita ta bayan gida.

Amma a ƙasan saƙon ka faɗi gaskiya, kuma don ita kaɗai na yafe maka sauran. Ka ce gari ba kamar da ba. Ka ce kowa ya san Baba, an san daga inda ya fito da abin da ya bari, idan aka ji yana zaune a gidanka ana iya sa wa gidan ido, 'yan haya su tashi, ko abin da ya fi haka. Tsoro kake ji. Ba zan ce maka tsoron banza ne ba. Ni nake zaune a garin, ba kai ba. Na san ranakun da muke shiga coci ba tare da mun ɗaga murya ba, na san yadda nake duban hanya idan 'yan matana sun yi jinkirin dawowa. Sai dai bari in tuna maka wasu abubuwa, tunda Abuja na sa mantuwa.

Kana aji biyu mahaifinmu, Baba Luka, ya rasu. Baffanninmu suka zo daga gida za su kwashe mu, Mama ta ce a nan mijinta ya bar ta da keken ɗinkinta, a nan za ta riƙe 'ya'yanta. Suka yi fushi suka koma. Wa ya rage? Kullum da safe sai mu ji ƙararrawar baƙin keken nan na Baba Na'Allah a ƙofar gida. Kai a kan sandar gaba, an naɗa mata tsumma don kada ta ci maka cinya, ni a baya riƙe da rigarsa. Ya sauke mu a makaranta, sannan ya kama hanyar ƙauyukan bakin gulbi inda yake wa'azi, ya dawo da yamma ƙafafunsa fari fat, wani lokaci da albasa ko 'ya'yan goruba a aljihu. Shi ya koya maka ɗaure igiyar takalmi. Shi ya zauna a benci a asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da kai, yana yi maka fifita da murfin kwali.

Ka tuna idan hanya ta bi da mu ta Ƙofar Marke? Mutumin da ke kaɗa ƙararrawa ko akuya ya gani, a nan ba ya kaɗawa. Sai ya rage gudu, ya dubi wani lungu, ya wuce. Muna yara ba mu gane ba. Sai da na girma Mama ta gaya mini. Gidansu gidan mahauta ne, masu rufin asiri. Yana saurayi da mata da jaririya ya ba da gaskiya ga Yesu. Mahaifinsa bai doke shi ba, bai zage shi ba. Takalmansa ya sa aka fitar masa waje. Dangin matar suka ɗauke ta, jaririyar kuma, Nana Hauwa, aka riƙe ta a gidan. Bai sake aure ba. Kuma duk tsawon zamanmu da shi, ka taɓa jin ya faɗi mummunar kalma a kansu? Ni ban taɓa ba. Idan ya ambace su a addu'a, mutanena yake cewa.

Sai tukunyar Mama. Wannan na san ba ka manta ba, don kai ne mai ƙorafi a kanta. Duk sanda za ta auna hatsin tuwo, sai ta cika hannu ɗaya ta zuba a ƙaramar tukunyar bayan ƙofa. Hannun mai bishara, haka matan Zumunta ke kiran shi. Ƙarshen wata kowace mace ta kawo nata, a haɗa a kai wa Baba, don abin da ikilisiya ke ba shi ba ya kai shi ko'ina. Kai kuwa sai ka tsaya kana kallon hannun nan kana cewa an rage maka tuwo. Mama ta ce maka ba daga tuwonka ta ɗiba ba, daga nata ne. Ƙarya take yi, daga na kowa ne.

Abin da ba ka sani ba, a shekarar da Baba Luka ya rasu, akwai watannin da babu abin aunawa. Sai mu wayi gari mu ga ƙullin hatsi a bakin ƙofa. Mama ta kwance, ta ga gero da dawa da masara a gauraye, har da ƙwayoyin acca a ciki. A duk Zumuntar nan ita kaɗai ke zuba acca, wadda ake aiko mata daga gida. Ta gane hatsin da suka tara masa ne yake dawo mana da shi. Na ga ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Da ta gama ta share ido, ta cika hannu ɗaya daga cikin ƙullin, ta zuba a tukunyar bayan ƙofa. Haka hatsin nan ya yi ta zagaye tsakanin gidanmu da nasa, kowa na yi kamar bai sani ba. Da shi aka yi ƙashin bayanka, Injiniya.

Ka yi maganar a sa wa gida ido. Ranar nan da gari ya rikice muna firamare, aka tashe mu daga makaranta da rana tsaka, wa ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu? Ya sa babbar rigarsa ya zauna, duk wanda ya zo wucewa ya gaishe shi da harshen garin, ya ce gidan ɗiyansa ne. Shi da ya fi kowa dalilin ɓuya. A lokacin bai ce kada a sa masa ido saboda mu ba. Maƙwabciyarmu Sadiyatu ma, Allah ya saka mata, ta shigo ta zauna da Mama har gari ya lafa. Mutanen garin nan ba abu ɗaya ba ne, kai ma ka sani.

Mun iya waƙar ɗaukar gicciye, Timoti. Kai ma da muryarka mai daɗi ka yi ta a ƙungiyar mawaƙa. Shi nasa gicciyen ya ci masa uba da mata da 'ya. Naka ɗaki ne da ƙadangaru ke kwana a ciki.

Baba bai san ina rubuto maka ba. Da na je gaishe shi jiya na tarar ya fara ɗaure littattafansa da igiya. Ya tambaye ni lafiyarka, ya ce yaron nan aiki ya yi masa yawa, a riƙa yi masa addu'a. Bai ambaci ɗaki ba. Ba zai taɓa ambata ba.

Ina jiran Lawali.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haka,
Asabe

Runjin Sambo, Sakkwato
29 ga Maris

Ƙanena Timoti,

Ina gaishe ka, ina gaida Joy da yara. Ina fata shirun da ka yi ba na rashin lafiya ba ne. Na tambayi Lawali, ya ce ya gan ka garau, har ka ba shi na goro. To, madalla.

Wani abu ya faru, dole ka sani.

Ranar Talata da la'asar ina gidan Baba ina taya shi ware kaya, aka yi sallama. Wani magidanci ne da farar riga, da ƙullin nama a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Sunansa Aƙilu, mahauci ne a kasuwa, kuma ɗan Nana Hauwa ne. Jikan Baba. Ashe ya daɗe yana aiko masa da nama duk Babbar Salla ta hannun wani, ba tare da ya zo da kansa ba. Wannan ne zuwansa na farko. Baba ya kama fuskarsa da hannu biyu yana shafawa, yana neman kamannin wani a ciki. Na fita tsakar gida na ba su wuri, don abin ya fi ƙarfin idona.

Labarin babbar motar nan ne ya kai Ƙofar Marke. Ka san garin nan, mai motar ya faɗa a kasuwa. Nana Hauwa ta ji wai za a ɗora mahaifinta a mota a kai shi wata ƙasa ya mutu a hannun baƙi. 'Yar da aka raba da shi tana zanen goyo, yanzu ita ma da jikokinta. Tsofaffin da suka rufe ƙofar duk sun rasu. Ta ce ba da ita ba. Ta aiko ɗanta ya ce akwai ɗaki kusa da zaure, Baba ya dawo gida.

Aƙilu mutum ne mai kunya, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ba za su tilasta masa komai ba, za su ci da shi su sha da shi. Sai dai unguwa ce mai idanu. Ba za a iya zuwa yin sujadar coci tare da shi a gidan ba, ba waƙa, ba taron Zumunta, zuwa coci ma sai dai a san yadda za a yi. Ban ga laifinsa ba, iyakar abin da zai iya ke nan, kuma ya fi abin da wasu suka iya. Da zai tafi na raka shi bakin hanya. Ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri da tambaya, shi dai yana mamaki ne: mutanen nan da kakansa ya bar gida dominsu, duk cikinsu babu mai ɗaki ɗaya?

Timoti, ni da ba a rasa magana a bakina, ni da shugabannin makaranta ke canza hanya idan sun hango ni, na tsaya a titi kamar an ɗaure mini harshe. Ba da gori ya faɗa ba. Da gori ne da na sami amsa.

Na koma na tambayi Baba abin da yake so. Ya ce yana son ya ji muryar ɗiyarsa kafin ya mutu, wannan kam ba zai ɓoye ba. Amma ya ce ya tsufa da yin sujada a ɓoye, abin da bai yi ba yana saurayi. Yana son ranar Lahadi a riƙe hannunsa a kai shi coci, idan ya kasa tashi a kawo masa jibin Ubangiji har gado, a yi waƙa da ƙarfi. Ya ce idan babu wuri zai tafi Ƙofar Marke da godiya, Allah na can ma. Yana faɗa yana murmushi, don kada in ji nauyi.

Ni kuwa na ji. Ina son Baba ya shiga Ƙofar Marke, ina son ya zauna da 'yarsa su yi kukan da suka daɗe suna bin juna. Amma ya je a matsayin uba mai ƙofar kansa, wanda zai ziyarta a ziyarce shi. Ba a matsayin kayan da coci ta gama amfani da su ta ajiye a bakin hanya, dangi suka tsince ba. Na tambayi Aƙilu ko mahaifiyarsa za ta iya zuwa Arkilla idan Baba na can. Ya ce da kansa zai kawo ta.

Saboda haka ga magana ta ƙarshe, kuma ba shawara nake nema ba.

Lawali zai taso daga Abuja ranar Laraba ta makon Ista. Idan makulli na hannunsa, na gode, kuma ba wanda zai taɓa jin cewa sai da na roƙa. Za ka zo bikin sallama ka zauna a babbar kujera, in tafa maka da hannuna.

Idan babu, ranar Alhamis da safe zan tafi Arkilla da Mansur mai walda, ya yanke kwaɗon. Matan Zumunta za su biyo ni da tsintsiya da bokiti, da tulunsu na kiɗa, don ba a ɓoye za mu yi ba. Tayil ɗinka da firij da tayoyi za mu jera su a ƙarƙashin dogonyaro mu rufe da leda, ko ɗaya ba zai fashe ba. Zan shiga gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya in gaishe su, in ce ga tsohon da na kawo, sunana Asabe Luka, ga inda nake koyarwa, duk mai magana ya neme ni. Sunanka ba zai fito daga bakina ba, tunda shi kake tsoro. Kafin Jumma'a Baba zai kwana a ɗakin.

Bayan haka gida naka ne, takardu naka ne, ban musa ba. Idan kana son ɗakinka, kada ka aiko lauya, kada ka aiko ɗan sanda, kada ka turo mini hoton hannu. Ka zo da ƙafarka ka fitar da shi. Ba zai ga fuskarka sosai ba, amma zai gane muryarka tun daga bakin ƙofa, kuma na san shi, kafin ka buɗe baki zai ce a kawo wa yaron nan ruwa, ya sha hanya.

Allah ya ba mu Ista mai albarka. Ka gaida Joy, ka rungume mini yara.

Ni ce yayarka, wadda ta goye ka,
Asabe Luka